Warfarin ko Xarelto: wanne ya fi wa mai gudan jini a ƙafa?

Wata 'yar'uwa ta ce an gano gudan jini a jijiyar ƙafar mahaifinta, an ɗora shi kan warfarin, sai wani ya ce musu Xarelto ya fi. Tana son jin bambancinsu.

'Yar'uwa, dukansu maganin tsinka jini ne. Ba sa narkar da gudan da ya riga ya daskare. Hana shi girma suke yi, jiki ya narkar da shi a hankali.

Warfarin yana da araha, amma sai an yi ta bibiyarsa. Ba ya kama aiki sai bayan kusan kwana 5, shi ya sa ake haɗa shi da allurar Clexane a fatar ciki har ya kama. Daga nan sai gwajin INR akai-akai, wato gwajin jini da ke nuna yadda jinin ya tsinke, ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, jini ya daskare. Ya haura, dasashi da hanci su fara zuba. Alayyafo, zogale da kabeji na rage masa ƙarfi saboda bitamin K da ke cikinsu. Ba a ce Baba ya daina kwaɗon zogale ba, kawai kada yau tuli, gobe babu. Flagyl da Septrin kuwa ƙara masa ƙarfi suke yi, kuma su ne mutane ke saya a kemis ba tare da sun ce suna shan warfarin ba.

Xarelto, wato rivaroxaban, yana kamawa cikin awa 2 zuwa 4, babu gwajin INR. Miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan 20 sau ɗaya, kuma lallai da abinci. Matsalarsa tsada, kuma idan aka tsallake kwana ɗaya kariya ta tafi. Mai raunin ƙoda sai likita ya auna tukuna.

Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, warfarin ne nasa. Mai juna biyu ba ta shan ko ɗaya, allura ce tata.

A kan kowanne, a guji ibuprofen da diclofenac, paracetamol ya isa, kuma a dakatar da ƙaho. Baƙin bayan gida ko jini a fitsari, asibiti nan take.

Idan INR ɗin Baba na zaune daidai kuma wurin gwajin bai yi nisa ba, ba mu ga dalilin sauyi ba. In za a sauya, likitansa ne zai tsara ranar, don ba a fara Xarelto sai INR ya sauko.