Fatsa mai totuwa ko mai dalma?

In yau ka fara fatsa a kogi, fara da totuwa. Yanki totuwar karan dawa tsawon yatsa, ka ɗaure ta kamu biyu sama da ƙugiya, ka soka tana, ka jefa gefen ciyayi inda ruwa ya kwanta. Karfasa na taɓawa za ka ga totuwar tana rawa, can ta nutse tsulum. A nan ake fizga.

Mai dalma kuwa ƙasa take sauka, wajen tarwaɗa da kurungu, kuma ta fi jure ƙarfin ruwan Agusta. Sai dai komai a yatsa ake ji, ga maƙalewa a saiwa. Ni kam ba na ba yaro dalma sai idonsa ya saba da totuwa.