Joystick ɗin KY-023 a jikin synthesizer haɗin gida

KY-023 ƙaramin joystick ne, wato sandar da ake juyawa da yatsa, wanda za a iya haɗawa da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) don sarrafa amon synthesizer, na'urar haɗa sautin kiɗa. Yana da araha. A cikinsa potentiometer (resisto mai canzawa idan an motsa sandar) biyu ne, kowanne ohm 10k, sai ƙafafu biyar: GND da +5V na ba shi wuta, VRx da VRy masu nuna inda sandar take, da SW na maɓallin dannawa. Da an saki sandar, sifirin (spring) da ke ciki zai mayar da ita tsakiya, inda VRx da VRy ke ba da wajen bolt 2.5, amma da wuya Arduino ta karanta 512 cif, wato tsakiyar ma'auninta na 0 zuwa 1023. Don haka a ɗauki 500 zuwa 524 duk a matsayin tsakiya, in ba haka ba amon zai riƙa rawa. Doguwar waya kuma tana kwaso hayaniya. Don rage ta, a sa kafasito 100nF tsakanin VRx da GND, haka ma VRy. Aibinsa shi ne gajeriyar tafiya, tun sandar ba ta kai ƙarshe ba lambar ta ƙure. Wajen juya filta (matatar sauti) ya yi, amma saita amo daidai kam sai wata na'urar.