Gargaɗi: mai tallar kayan ƙaramin jirgin ƙasa a WhatsApp ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu sha'awar haɗa ƙananan gine-gine ne a Zariya da kewaye, musamman ɗaliban zanen gini na Samaru, da iyayen da ke saya wa yara irin waɗannan kaya. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar ƙananan gidaje, bishiyoyi, fitilun titi da 'yan mutane na roba, yana cewa daga Jamus yake shigo da su. Ya ci mini naira 146,000. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi.

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a Sabon Gari muka tashi, kukan jirgi ne ke tada mu da asuba. Shi ya fara nuna mini cewa Zariya mahaɗa ce: ga layin da ya taso daga kudu ya wuce Kano, ga na Gusau da Ƙauran Namoda da aka kammala a 1929, ga kuma ƙaramin layin Jos wanda aka rufe a 1957. Bayan rasuwarsa na sa kafinta ya haɗa mini tebur da falanki mai ƙafa 8 da ƙafa 4, na shimfiɗa layin dogo a kai, na fara gina garin da nake tunawa. Awon da nake bi shi ne wanda ake kira HO, wato kowane abu an rage girmansa sau 87, tsakanin ƙarafan layin kuma milimita 16.5 ne.

Gidajen duk da hannuna na yi su. Kwali nake yankawa, in shafa masa gam, in barbaɗa jar ƙasa da na tankaɗe da rariya, sannan in ɗora zankwaye a saman soro. Ban taɓa manne gida a jikin tebur ba. Kowanne yana zaune a kan ɗan faifan kwalinsa, saboda gari irin wannan ba a gama shi. Wata rana sai in ga kasuwa ta matse tasha, in ɗauke ta in mayar bayan masallaci, in buɗe hanyar da masu amalanke za su bi. Wani lokaci sai na kai sha biyun dare ina matsar da rumfa ɗaya, in durƙusa in daidaita idona da tebur, in duba ko tana kare ƙofar tasha. Abin da hannuna ya kasa shi ne sigina, da tankin ruwa, da fitilu masu kamawa, da mutanen da za su tsaya jiran jirgi. Ta nan wannan bawan Allah ya shigo mini.

Da fari bishiyoyi na saya a wurinsa, na naira 9,500. Kwana uku suka iso ta hannun direba, babu abin kushewa. Yanzu na gane tsaba ya watsa mini. Daga nan ya shiga kirana safe da yamma: "Alhaji, ranka ya daɗe, kaya sun sauka Legas, na Faller ne da Kibri, kai na fara tunawa." Waɗannan kamfanonin Jamus ne na gaske, kayansu masu kyau ne, ba su kuma da hannu a wannan ta'asa, hotunansu kawai ya kwaso daga intanet. Na tura 98,000. Bayan mako guda ya ce kwastan sun riƙe kwalin, sai an ba da 30,000. Na tura. Sai kuma 18,000 na mota, yana rantsuwa da Allah cewa wannan ne na ƙarshe. Kowane kuɗi akawun dabam ya shiga, sunan da ke fitowa kuma ba ya kama da wanda ya gaya mini. Da na yi magana sai ya ce na ƙaninsa ne, na matarsa ne.

Da na matsa masa lamba, wani kwali ya iso tashar mota. A gaban direban na buɗe. Tsofaffin jaridu ne cunkushe, a tsakiyarsu gidaje huɗu na roba mai laushi, irin wadda yatsa ke lotsawa. Babu sigina, babu tanki, babu fitila ko ɗaya. Da na isa gida na ɗora rula a kan ƙofar ɗaya daga cikinsu: milimita 13. Ƙofar gida a awon HO tana kai wajen milimita 24, mutum kuma santimita 2. Abin da ya aiko na awon N ne, mai ragin sau 160. Na ajiye gidan kusa da tarago, taragon ya fi rufinsa tsawo. Na kira shi, layi a kashe. A WhatsApp kuma ya riga ya toshe ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba nawa ba ne. Wata ɗaliba, 'yar maƙwabcinmu, tana haɗa samfurin gininta na ƙarshen zango a awon 1:100, wato mai ragin sau 100, ta tura masa kuɗin da mahaifiyarta ta tara da sana'ar ƙosai. Ita ko kwalin jarida ba ta gani ba. Ni ne kuma na ba ta lambarsa, lokacin da nake yabon bishiyoyin nan. Na je har gida na ba mahaifiyarta haƙuri, ta ce, "Malam, ai ba kai ka ci ba, Allah ya isar mana." Har yau maganar tana damuna.

Suna da hoto yana canza su, don haka ba su ne abin lura ba. Ku lura da salonsa. Bai san awo ba: ka ce masa HO ya ce akwai, ka ce N ya ce shi ne dai wannan, ka ce OO na Ingila mai ragin sau 76 ya ce duk ɗaya ne. Mai sayar da kayan nan na gaskiya, kafin ka rufe baki zai tambaye ka awon teburinka. Hotunansa kuma duk masu farin bango ne tas, irin na kundin talla. Ku ce ya ɗora rula kusa da ƙofar gidan, ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya ajiye a gefe, ya ɗauka a bidiyo. Ƙanena ya gwada shi da wata lamba, sai ya ce kayan suna sito, mai makulli ya yi tafiya. In ya ce yana Kano ko Kaduna, ai ba nisa, a sa ɗan uwa ya je ya gani da ido kafin a biya. Maganar kuɗin kwastan bayan an gama ciniki kuwa, da zarar ta taso a tsaya nan.

Na kai ƙorafi bankina, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda tare da rasit uku da hotunan hirarmu. Duk wanda ya faɗa hannunsa kada ya goge komai a wayarsa, ko saƙon murya ne. Ya adana lambar akawun da ya tura wa kuɗi da ranar da ya tura, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ranar Litinin zan koma wurin 'yan sandan, kuma zan so mu je tare.