Na'urar Awon Iska a Yatsa: Tana da Amfani, Amma Baƙar Fata na Ruɗa Ta

'Yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa, wadda ma'aikatan asibiti ke kira oksimita, na saye ta ne a wani kantin magani da ke titin Ahmadu Bello saboda Innarmu mai fama da ciwon fuka. Duk wanda ya san hazon hunturun Sakkwato ya san yadda yake tayar da masu wannan lalura, balle cikin dare.

Ta fuskar sauƙin aiki ba ni da abin cewa. Ƙananan batura biyu take ci, suna kuma daɗewa. Da ka sa yatsa sai ta nuna yawan iskar oksijin a jini da bugun zuciya, da manyan lambobi waɗanda Inna ke karantawa ba tabarau. Amma in hannu ya yi sanyi da asuba, sai an murza yatsan ya ɗumama kafin lambar ta tsaya. Lokacin bikin ƙanwata kuwa, da aka yi wa Inna baƙin lalle har bisa farce, na'urar ƙin karantawa ta yi ƙememe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar da wani likita ya yi mini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na kuma je na karanta da kaina. Na'urar haske take harbawa ta cikin yatsa ta auna wanda ya ratsa, launin fata kuma yana shan wani ɓangare na hasken. A watan Disamban 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan a Amurka, ƙarƙashin Dokta Michael Sjoding, suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da awon jinin da aka ɗiba daga jijiya. Cikin majinyatan da ta nuna wa yawan oksijin 92 zuwa 96 cikin ɗari, kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙar fata a gaskiya ƙasa da 88 yake, na farar fata kuwa kashi 3.6. Wato mu ne ta fi cewa muna lafiya alhali iska ta yi mana ƙasa, har ninki uku. A Fabrairun 2021 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan haka.

Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin 'yar takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan ba game da launin fata, mai kantin ma bai taɓa ji ba sai da na faɗa masa.

Duk da haka ban ce kada a saya ba. Amfaninta a gidanmu shi ne mun san lambar Inna ta kullum in tana lafiya, muna rubutawa a littafi, in ta sauka daga nan mun san akwai magana. Idan kuwa ta kasa gama jimla ba tare da tsayawa ta ja numfashi ba, ko ta shaƙi maganinta bai sake ta ba, keke nafef muke nema zuwa asibiti ko da na'urar na nuna 95. Na gaya wa ƙannena haka, na kuma rubuta shi da manyan baƙaƙe a bangon littafin.