Cire kashi 25 na fansho bayan an sallame ka, ga yadda na ga tsarin

Ga duk wanda aiki ya tsaya masa a Kaduna kuma yana da asusun fansho, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunka, sharaɗi dai ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba kuma ba ka kai shekara 50 ba. Ni na bi ta ofishin kamfanin fanshona da ke nan cikin gari, ba sai na kira suna ba.

Gaskiya ta fannin tarba ba su da laifi. Yarinyar da ke teburin farko ta san aikinta, ina zama ta ce "Malam kawo takardar sallama, da shaidar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, da hoton fasfo da lambar NIN", ta duba ɗaya bayan ɗaya ba tsawa ba wulaƙanci, kuma ko sisi ba wanda ya nema. Amma dan Allah ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a ko'ina, wani bawan Allah daga Kakuri da ke kusa da ni a banki Mohammed ne a fansho Muhammad, haka aka maida shi gida da fayil ɗinsa a hammata yana ta sallallami.

Inda raina ya ɓaci shi ne da aka buga min bayanin asusu. Doka ta ce a cire kashi 8 a albashinka mai kamfani ya ƙara kashi 10, to ashe inda na yi aiki suna cirewa amma watanni da yawa ba su zuba ba, ka ga kashi 25 na kuɗin da bai cika ba me zai yi maka, ga haya ga kuɗin makarantar yara. Su kuma iyakarsu su ce za su rubuta wa kamfanin.

Kuma mu daina kiransa tallafi, kuɗin tsufanka ne kake ci tun yanzu. A Amurka ne ake da tallafin wanda ya rasa aiki, mako mako ake biya, daga harajin da masu kamfani ke zubawa, yawanci kusan rabin abin da kake samu a da amma da rufin da ba a wucewa, kuma kowace jiha ita ke yanke nata. Wasu kamar Massachusetts sun ɗaura rufin a kan matsakaicin albashin jihar, albashi na hawa shi ma yana hawa duk shekara, shi ya sa nasu ya haura dala 1,000. Wasu kuma majalisa ce ta rubuta adadi a doka ta bar shi nan, Mississippi dala 235, Florida dala 275, ko manajan banki ne kai iyakarka kenan. Yawancin jihohi mako 26 suke biya sai a rufe famfo.

Ma'aikatan ofishin na ba su maki huɗu cikin biyar, jiran alat ne ya cinye ɗayan. Masu aiki yanzu ku riƙa neman bayanin asusunku kuna dubawa ko ana zuba muku, kamfanin fansho na turawa ta waya ko imel in ka nema.