Sharhina kan dajin Kakum na Gana: kar ka tsaya ga gadar sama kaɗai

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na dawo Sakkwato duk majalisar da na zauna sai an tambaye ni wai wagga gada ta igiya da na sa hotonta a status ina ne, kuma nawa na kashe, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Albasa munka kai Gana, kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan garin Ankara (Accra), babban birninsu, da munka gama ciniki ya rage muna kwana biyu sai abokin tahiyata ya ce mu je Cape Coast. Tahiyar awa uku ce a mota in ba go-sulo, daga can kuma kilomita 30 da ɗan wani abu zuwa Kakum, a tashar Kotokuraba munka shiga mota. Dajin Kakum tun 1931 aka keɓe shi, a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa, girmansa murabba'in kilomita 375. A bakin ƙofa za ka biya na shiga, a ciki ka yanki tikitin abin da kake son yi, na gada daban na yawon ƙasa daban, kuma kuɗin baƙo ya hi na ɗan ƙasa, don haka ka riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu isasshe. Ba a shiga kai kaɗai, sai da ɗan rakiya.

Gadar dai ita kowa ka zuwa dominta. Kafin ka isa gare ta sai ka hau tudu, matakala ce ta dutse kuma tana da tsayi, a nan na fara gane zahin can da namu ba ɗaya ba ne. Mu nan watan Afrilu ana wuce digiri 40 amma zufa na hita iska na shanye ta, can ko rana ba ka gani amma riga ta manne maka a jiki sharkaf kuma ba ta bushewa har ka hita dajin, numfashi ma awa an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Wata baiwar Allah a ayarinmu sau uku tana zama kafin mu kai.

Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu duka wajen mita 350, wani wuri tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40, a 1995 anka gina su tare da wasu mutanen Kanada. Katako ne siriri da ƙafa ɗaya ke bin ɗaya a kansa, an shimfiɗa shi kan tsani na ƙarfe, raga ta tare ka dama da hagu, duk an ɗaure da waya da igiya a jikin manyan itatuwa, kowane icce an yi mashi dandamali inda za ka huta. Tana lilo, gaskiya tana lilo sosai, musamman in na bayanka ya tako da ƙarfi. Na ji tsoro a gada ta farko, La'ilaha illallahu na riƙa maimaitawa ina kallon gaba kamar yadda ɗan rakiya ya ce, zuwa ta uku zuciyata ta kwanta na fara kallon ƙasa, sai ga kan itatuwa a ƙarƙashina kore shar har iyakar ganin ido, hazo na tashi daga cikinsu awa hayaƙin girki da asuba. Wanda ya ga ba zai iya ba akwai gajeriyar hanya da zai ratse bayan gadar farko, ba abin kunya ba ne. Abin da ya rage min daɗi, mun iso rana ta ɗaga kuma ranar Asabar, 'yan makaranta cike da wurin ana ihu ana hoto, ko tsuntsu ɗaya bai tsaya ba.

To amma ni abin da ya sa na zauna rubuta wanga dogon bayani shi ne yawon ƙasa. Mutane da sun sauko gada sai mota, mu huɗu kacal munka biya na shiga cikin dajin da ƙafa, kuma wallahi nan kuɗina ya biya.

Kana shiga sai duhu-duhu awa bayan magariba alhali sha ɗaya na safe ne. Ƙasa laushi, ganye ne ruɓaɓɓe kake takawa, wani ƙamshi awa ranar ruwan farko amma ya hi shi nauyi. Ɗan rakiyar namu ya tone da ɗan yatsa ya nuna muna takin bai wuce tahin hannu ba, ƙarƙashi jar ƙasa ce, ya ce abincin dajin duk a saman nan yake, ganye ya faɗi gara da danshi su cinye shi saiwa ta tsotse nan take, shi ya sa in an sare dajin ruwan sama ke wanke ƙasar cikin 'yan shekaru. Shi ya sa kuma manyan itatuwan ba su nutsa saiwa can ƙasa ba, sai su baza ta waje awa katanga. Mun tsaya gindin wani rimi, rimin nan dai namu da munka sani, su onyina suke ce mashi, amma wanga na shiga tsakanin saiwoyinsa biyu sun rufe ni har sama da kai awa na shiga zaure. Na ɗaga kai ban ga inda ya ƙare ba. Na daɗe hannuna na kan jikinsa, sanyi gare shi, ina tuna hanyar Illela yadda za ka yi tahiya mai nisa kana neman inuwar dogon yaro ɗaya, da buhunan gawayi da ake jerawa bakin titi. Su ma nan har ƙarshen shekarun 1980 ana sarar katako a ciki, da anka hana ne ya murmure haka.

Ya nuna muna wani icce kuntan da saiwarsa ta taso sama awa mai ƙafafu, da odum da wawa da ake katako da su, da ɓawon da mutanen ƙauyukan wurin ke jiƙawa don zazzaɓi, na tauna ɗan kaɗan ɗacinsa sak maɗaci. Malam-buɗe-littafi kuwa kala-kala, wani shuɗi ya sauka kan agogona yana shan zufa. Sai kwarkwasa, nan hwa a yi hattara, layinsu ya ratsa hanya baƙi ƙirin, abokina silifas ne a ƙafarsa ya taka gefe sunka hau shi har gwiwa, cizon bai da daɗi ko kaɗan. A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa da safa, a cusa ƙafar wando ciki, babbar riga kuma a bar ta masauki.

Maganar dabbobi, wani mai shirya yawo a Ankara ya so ya karɓi kuɗinmu da alƙawarin wai za mu ga giwa, Allah ya sa ba mu ba shi ba. Giwayen daji suna ciki gaskiya ne, da birai iri-iri da aku, amma suna can nesa da mutane cikin surƙuƙi, mu kukan biri kawai munka ji da motsin reshe. Mai son gani da ido sai ya yi sammako ko ya kwana a ɗakin katakon da sunka yi a kan icce, in Allah ya maida ni shi zan yi. A riƙe ruwan sha da yawa da ledar rufe waya don ruwan sama ba ya sallama, abinci kuma a ci a zango kafin a taso, akwai waakye, shinkafa da wakenmu ce sunanta ma daga Hausa ya hito, kuma duk inda ka juya a zangon za ka ji Hausa.

Kan hanyar dawowa direba ya tsaya muna wata gonar koko, a tsakiyarta na ga icen goro karon farko a rayuwata, ni da nake cin goro tun ina yaro. Mai gonar ya tsinko min guda cikin kwansonsa kore mai gurji-gurji. Haka na kawo shi Sakkwato ban fasa ba na miƙa ma Baba, ya juya shi ya juya yana tambayata mi ne ne wanga, da ya fasa ya ga goro kwance cikin farar fata sai ya yi shiru, can ya ce kakansa da jakai ya je Gwanja fataucinsa, wata da watanni kafin ya dawo. Ya ɓare ɗaya ya ba Inna rabi, sauran ya ƙulle a tsumma mai danshi ya sa aljihu.