Kafin ka sayi laftof na hannu a Kaduna, karanta lambar furosesa

Makon jiya na raka ƙanina wani shago a titin Ahmadu Bello, yana neman laftof na aikin ofis da hada-hadar banki. Mai shago ya jera mana guda uku, ya dafa ta tsakiya ya ce, "Yallaɓai, wannan i7 ce, ba ta da na biyu." Na kunna ta, na duba lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, sai ga Intel i7-6600U; lambar farko bayan i7, wato 6, ita ke nuna zubin da aka ƙera ta. Na ce, "Alhaji, ai wannan 'yar zubi na shida ce." Ta gefenta, mai i5-1135G7, zubi na 11, ita na sa yaron ya ɗauka, yana ta ƙunƙuni wai na mayar da shi baya.

Dalilina tsaro ne. Akwai tsohuwar kafar da masu kutse ke bi: a ɗura wa manhaja bayanai fiye da cikin mudunta, su yi ambaliya su shafe adireshin da za ta koma idan ta gama aikin da take yi. Da can ɓarawon kan cusa nasa umarnin ne. Sai aka toshe wannan, aka hana injin aiwatar da umarni daga ma'ajin bayanai, abin da Windows XP ta kawo a 2004 da sunan DEP. To amma tun 1997 wani masani ɗan Rasha da ake kira Solar Designer ya riga ya nuna mafita: in an hana ka shiga gida da makami, ai akwai taɓarya a tsakar gidan. Sai a karkatar da adireshin zuwa libc, rumbun umarnin da manhajar ke amfani da shi kullum, a sa shi ya yi wa ɓarawo aiki. A 2007 Hovav Shacham ya nuna ko cikakken umarni ba a buƙata, guntaye ake tsinta nan da can a ɗinke. ASLR, wadda ke sauya wa rumbun mazauni, tana rage ɓarnar, sai dai adireshi ɗaya in ya yoyo, an gano sauran.

Nan ne lambar furosesa ta shigo. Laftof mai Intel zubi na 11, wanda ya fito a 2020, yana da CET: injin na ɓoye kwafin adireshin komawa a wani wuri daban, in biyun suka saɓa sai ya kashe manhajar nan take. Chrome ta fara cin moriyarsa a Windows tun 2021. Ba kowace manhaja aka gina da shi ba, amma burauza ce ƙofar da aka fi ƙwanƙwasawa.

Kamfanin AMD ma na da irinsa a furosesoshinsa daga ƙirar Zen 3, sai dai akwai tarko. Ryzen 5600U da 5800U Zen 3 ne. 5500U da 5700U kuwa Zen 2 ne aka sake wa riga. Masu shago da yawa ba su san wannan ba, ba wai ha'inci ba ne.

Intel zubi na 8 zuwa na 10 shi ne na mai ƙaramin ƙarfi. Ba CET, amma yana ɗaukar Windows 11, ana ci gaba da aiko masa gyara. Na 6 da galibin na 7 ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince, ga shi ta janye tallafin Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Ko da araha, ni ba zan buɗe asusun banki a kansu ba. A bar wa yara su koyi buga rubutu.

MacBook ta Apple mai furosesa M1 dabararta daban: hatimi take buga wa adireshin, in an taɓa shi ta gane. Galibi manhajojin Apple ne ke amfana. Ga batir mai jure rashin wuta, amma in allo ya fashe za ka ji a aljihunka.

Kada ka yarda da sitika, ana ɓarewa a manna wata. Ka ce a kunna, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna furosesar injin, ka karanta lambar da idonka kafin a fara ciniki.